Hannuwana da Ɗakin Ƙura

Direban da ya ɗauko mu daga Arlit ya sauke mu a bayan wani dutse, ya nuna arewa da haɓa, ya ce ga Tamanrasat nan, in mun ɗaga ƙafa ma sami azahar a cikin gari. Sai da muka yi azahar biyu kafin mu hangi garin. Tun daga ranar na daina yarda da duk wanda zai nuna mini hanya alhali shi yana juya kan motarsa baya.

Sunana Hamisu, mutumin Dakoro, ni kaɗai ne namiji wajen mahaifina. Na bar masa gonar gero, da matata Rabi da yara biyu, a kan cewa damina ɗaya zai riƙe mini, ta biyu ina gida. Tsoho ne, ya riga ya ajiye aikin gona kafin fari ya sa na fita. Jarina a wannan tafiya hannuwa biyu ne, su kuma nake sa ran komowa da su, don gonar nan ba ta da wani magaji in ba ni ba.

A Tamanrasat na yi wata bakwai ina fasa dutse a bakin wani inji mai niƙa tsakuwa. Da yamma in ka dube mu ba za ka bambance Bahaushe da Balarabe ba, dukanmu fari fat. A nan na koyi shan taba, ni da ko goro ban damu da shi ba a gida. Wani ya ce mini tana kashe yunwa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya mini sauran abin da take kashewa ba. A nan kuma dasashina ya soma jini. In na yi aswaki sai in ga itacen ya yi ja, haƙorin ciki na hagu kuma yana zogi. Na sa gishiri, na sa kanumfari, na ce ciwon haƙori ai ba ya hana namiji aiki.

Daga nan labarin Baba Nomau ya iske ni. Mutumin Kornaka ne, ya daɗe a ƙasar Larabawan nan, aka ce yana Gardaya a wani wurin yankan dutse kuma suna neman ma'aikaci. Na kira shi, ya tambaye ni ɗan wane ne a Dakoro, na faɗa, ya ce ai ya taɓa sayen rago hannun kawuna, in taho. Shi ke nan takardar ɗaukar aikina.

Wurin yana bayan gari, katanga doguwa da ƙofar ƙarfe. Ranar da na isa patoro, wato mai wurin, ya karɓi katin shaidata ya ce zai adana mini kada ya ɓace. Ya adana shi kuwa, don har yau ban sake ganin sa ba. Mu takwas ne 'yan Nijar, muna kwana a ɗaki ɗaya can ƙarshen fili. Fita ba a hana mu da baki ba, amma kowa ya san in jandarma suka ga baƙar fata a titi sai mota, daga mota sai bakin iyaka. Saboda haka duniyarmu ta zama katangar nan huɗu: wurin aiki, ɗakin kwana, famfo, da wata 'yar inuwa inda muke salla.

Aikin kashi biyu ne. Akwai ɗakin ruwa, inda babban zarto yake tsaga dutse alluna alluna, ruwa na zuba a kan bakinsa wuni guda. Akwai kuma ɗakin bushe, inda ake gurza gefen allunan da ƙaramin inji na hannu, babu ruwa ko ɗigo. Ni aka sa ni ɗakin ruwa.

Baba Nomau shi ne ubanmu a wurin. Ya haura hamsin, gajere, mai yawan magana da yawan tausayi, kuma bai taɓa jin wata cuta da bai san maganinta ba. Shi yake tuƙa mana tuwo da garin alkamar Larabawa, ya kaɗa busasshiyar kukar da ake aiko masa daga gida, ya ce mu rufe ido mu ci, Kornaka ce. Mukan rufe idon, amma harshe ba ya yarda. Ɗana yake ce mini, ni kuma ban taɓa kiran sunansa ba tare da Baba ba.

Sanyin Gardaya ba irin namu ba ne, yana shiga har cikin haƙori. A cikinsa ne na soma tashi da safe in ji yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, duka hannu biyu, sai rana ta ɗaga sosai kafin su saki. Na ɗauka gajiya ce. Sannu a hankali gaɓoɓin suka kumbura, suka yi zafi, wuyan hannu ya bi sahu. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce mini ya fashe a gaban kowa. Baba Nomau ya kama hannun, ya juya shi, ya matsa nan ya matsa can.

"Sanyi ne, ɗana," in ji shi. "Wuni kake cikin ruwa awa kwaɗo, mi kake jira? Ruwan ga ya shiga ƙashi. In ba a hidda kai daga ɗakin can ba, hannuwan ga ba su kai ka gida."

Ba wanda ya yi musu, har ni. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ciwon gaɓa sanyi ne, kuma maganin sanyi zafi. Kakata da shi ta mutu, kullum tana gefen murhu. Baba Nomau ya gyara rawaninsa ya tafi wajen patoro da guntun Larabcinsa, ya roƙi a mayar da ni ɗakin bushe. Patoro ya amince tun bai rufe baki ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tsargu, don mutumin nan ko ruwan sha ka roƙa sai ya ce gobe. Amma Baba Nomau ya dawo yana murmushi, ya ce darajar furfura ce.

Ɗakin bushe ƙarami ne, taga ɗaya gare shi. Da ka kunna inji sai wurin ya turnuƙe, ba ka ganin bangon da ke gabanka. Akwai abin rufe hanci na roba a cikin wani akwati, amma ba ya fitowa sai ranar da masu duba wuraren aiki za su zo, suna fita a mayar. Mu kuwa ba mu damu ba, muna da rawani. Mutumin da ya keta Sahara da rawani a baki, wace ƙura za ta ba shi tsoro? Da yamma in sha madara kofi guda, wai tana wanke ƙirji. Baba Nomau bai tsaya nan ba. Ya lura iska na shigowa ta tagar nan, ya samo buhunan siminti ya toshe ta tsaf, ya kuma ja mini kunne in riƙa rufe ƙofa. Ɗakin ya yi ɗumi kuwa, na yi ta yi masa godiya.

Sauran maganin duk na wuta ne. Ranar Juma'a da hantsi ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa wasu saiwoyi, ya lulluɓe ni da bargo in yi ta shaƙar hayaƙi har hawaye su zubo. Ya ɗora mini ƙarfe mai zafi a wuyan hannu biyu, ga tabon nan har yanzu. Ruwan alwalata ma shi yake ɗumama mini. Taba kuwa ya ce in ci gaba, tana ɗumama jini. Ban taɓa samun wanda ya yi mini hidima irin tasa ba, kuma kullum ciwon gaba yake yi.

Damina ta biyu ta zo ta wuce ina ɗakin nan. In na kira gida, Rabi ce take ɗauka ta miƙa wa Baba mahaifina, shi kuma tambayarsa ɗaya ce, yaushe. In ce masa aiki ya yi kyau, ya ƙara mini haƙurin shekara guda. Ya ce to, rabin gonar ya bari saura bana, ba a noma ba, ƙarfinsa bai kai ba. Ban gaya masa cewa wayar ma a kan gwiwa na ajiye ta ba, don ba na iya riƙe ta a kunne. Bayan kowane kira nakan zagaya bayan tarin duwatsu in yi kuka, in wanke fuska a famfo in dawo.

A shekara ta uku yatsun suka soma karkata, duka suka nufi wajen ƙaramin yatsa. Gwiwoyi suka shiga, ƙafafu suka shiga. Salla ta koma a zaune. Injin gurza sai an ɗaure mini shi a hannu da tsumma nake iya riƙe shi. Ran nan ya kuɓuce ya tsaga wani babban allo da aka riga aka yi wa mai shi alkawari. Patoro ya zo ya zage ni da harshe biyu, ya ce daga yau in riƙa share ɗakin, wato dai ƙurar da nake tayarwa da inji yanzu in tayar da ita da tsintsiya. Na ce ya ba ni katina in tafi gida. Ya ce gobe. Na yi wata biyu ina jin goben nan.

Akwai wani tsoho Balarabe mai gadin ƙofa, muna ce masa Ammi. Tsakanina da shi sallama ce kawai. Wata rana ya gan ni a bakin famfo ina ƙoƙarin murɗa shi da gwiwar hannu. Ya tsaya ya dube ni, ya zo ya murɗa mini, ya tafi. Ranar Asabar sai ga surukinsa da motar kayan miya. Ammi ya shigar da ni baya tsakanin akwatunan tumatir, ya rufa mini buhu, aka kai ni wajen wata likita 'yar ɗan'uwansa a cikin gari. Wannan ce fitata ta farko daga katangar nan tun zuwana, kuma abin da na gani na Gardaya ramukan buhu ne.

Likitar mace ce mai ƙaramin jiki. Shekara shidan da na yi a lakkol, wato makarantar boko, ta yi mini rana, don da Faransanci ta yi mini magana, a hankali, tana maimaitawa. Ta duba hannuwa, ta saurari ƙirji, ta ɗebi jini. Abin da ya ba ni mamaki, sai ta ce in buɗe baki. Na ce a raina ni da na kawo hannu. Ta haska, ta daɗe tana dubawa, ta girgiza kai. Sannan ta tambaye ni aikina, na ba ta labari tun daga Tamanrasat har zuwa tagar da aka toshe. Da na zo kan tagar sai ta ajiye alƙalaminta.

Bayan mako guda Ammi ya sake kai ni. Ta ce jini ya nuna abin da take zato. A bayaninta, jikin mutum yana da masu tsaronsa da ke yaƙar cuta, to nawa sun ruɗe sun juya kan gaɓoɓina suna cin su. Ta ce wasu mutane ana haihuwar su da shirin wannan ciwo a jini, yana kwance, mai yiwuwa har su tsufa bai tashi ba. Abubuwan da aka san suna tashin sa kuwa akwai ƙurar dutse da ke shiga huhu, akwai hayaƙin taba, akwai ruɓewar dasashi da ta daɗe ba a yi magani ba. Ni na haɗa ukun. Ta ce ba za ta iya rantsewa a kan wanne ne ya fara ba.

Na ce, "To, ruwan fa? Sanyin?"

Ta ce, "Sanyi yana sa ka fi jin zafin, amma ba shi ya kawo ciwon ba. Ruwan nan da ke zuba a kan zarto, don ya kwantar da ƙura aka sa shi. A duk wurin aikinku, ɗakin da aka fitar da kai shi ne ya fi dama."

Ta cire mini haƙorin ta hannun wani abokin aikinta, ta ba ni ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako, ta rubuta takarda ta ce in nuna wa likita a ƙasarmu don sai ana duba jini a kai a kai. Ta ce maganin zai rage wutar, amma abin da ya riga ya karkace ba zai miƙe ba. Ta ce in bar taba yau, in bar wurin nan jiya. Ba ta karɓi komai a hannuna ba.

Da na koma na iske Baba Nomau a inuwar salla yana hura garwashi, ya shirya bargona. Ya tambaye ni abin da likita ta ce. Ina da zuciya, na gaje ta, kuma ranar ban riƙe ta ba. Na zayyana masa komai a gaban mutane, na ce gyaran gangar Abzinawa ya yi mini, na miƙa masa hannuwan a fuska na ce ya duba aikinsa. Na ce da ya bar ni cikin ruwana da yanzu ina gonar ubana. Wannan ta ƙarshen ko likitar ba ta ce haka ba, ni na ƙara don ta yi masa zafi.

Ya tashi ya tafi ɗakin bushe, muna jin sa yana fizge buhunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo fari fat har gira, ya zauna nesa da ni.

"Ni da ƙahwata na tahi na roƙa," in ji shi. "Na ɗauka gata ni kai maka."

Kwana biyu bai ci tuwon da ya tuƙa ba. A na uku ya je wajen patoro ya ce tunda ɗakin bushe ba shi da mai gurza, kuma an ce za a ɗauko ɗaya daga cikinmu, to shi za a ba. Muka yi ta hana shi. Ya ce shi ya ga jikokinsa, sauran kuwa ko aure wasu ba su yi ba. Na nemi gafararsa, ya ce ba abin da na yi masa. Har yau maganar nan da na ƙara tana ci mini rai.

Saura tafiya. Kati babu, kuma ba motar haya da za ta ɗauki baƙar fata marar takarda ta ratsa shingayen hanya. Muka juya maganar muka ga ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce wadda muka shekara uku muna gudu. Baba Nomau ya ɗinke mini ƙwayoyin da takardar likita a cikin ƙugun wando. Ya ce in na bi ta Kornaka in ce wa iyalinsa lafiya lau yake. Ammi ya buɗe mini ƙofa da rana tsaka, ya sa mini dabino a aljihu.

Na je babban shataletale na zauna inda kowa zai gan ni. Motar jandarma ta wuce, ba su dube ni ba. Washegari ta wuce sau biyu. Ina kwana a barandar masallaci, da safe in dawo wurin zamana, mutane na jefa mini burodi suna zaton bara nake. A kwana na huɗu na gaji, na tashi na tsaya a tsakiyar titi na ɗaga musu abin da ya rage mini na hannu. Wanda ya sauko har dariya ya yi, ya ce bai taɓa ganin wanda ya tare su ba.

Aka tara mu da wasu irina a wani fili kwana tara, daga nan bas, daga bas babbar mota, har inda hanya ta ƙare. Aka sauke mu cikin rairayi aka nuna mana wajen Asamaka, garin farko na Nijar. Masu lafiya suka yi gaba. Ni kuwa gwiwoyin nan tun kafin hantsi suka ce sun gama. Wani dogon mutum daga Gine, ba ya jin Hausa ni ba na jin yarensa, ya dawo baya ya rataya hannuna a wuyansa. In na zube ya tsaya, in na tashi mu ci gaba. Da muka isa aka raba mu layi layi bisa ƙasashe, ban sake ganin sa ba, ban kuma san sunansa ba.

Arlit, Agadas, Tawa, Maraɗi. A Maraɗi na nuna takardar, likitan ya karanta ya ce daidai ne, in riƙa zuwa. Muka wuce Sabon Maci, a Kornaka na sauka na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni, matarsa ta yi ta hamdala, ni kuwa ina kallon ƙasa. Na shiga Dakoro da hannuwa cikin hannun riga. Rabi ta gani tun a daren farko, sai ta riƙa yanka mini tuwo ƙanana. Baba kuwa idonsa ya yi rauni, na gaishe shi daga nesa a durƙushe, ya yi ta sa albarka, yana gaya wa duk mai shigowa cewa mai gona ya dawo. Na ce gobe zan gaya masa. Ashe ni ma na koyi goben patoro.

Kwana goma sha biyu da zuwana ruwan shuka ya sauka. Da safe muka fita gona, ni da Baba da Rabi. Baba ya ɗauko sungumi da kansa tun daga gida, bai yarda kowa ya riƙe masa ba. A bakin gona ya yi bisimilla, ya miƙo mini shi da hannu biyu. Na fito da hannuwan na karɓa. Na ɗaga, na sara sau ɗaya, a na biyu ya faɗi a gaban ƙafarsa.

Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya kama hannuna maimakon sungumin. Ya bi yatsun da nasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, na dama, sannan na hagu, har ya kai kan tabon wuta. Ya daɗe a haka.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Shekara biyu, Baba."

"Kana ce mini lahiya lau."

Ya saki hannun, ya ɗauki sungumin, ya gyara tsayuwa. Ya ce wa Rabi ta riƙe ƙoƙon iri ta riƙa zubawa. Ni kuma ya ce in biyo baya in riƙa rufe ramin da ƙafa, aikin da ya koya mini ina ɗan shekara shida. Ya shiga gaba yana sara, bayansa a tanƙware, numfashinsa na fita da ƙara. Mun yi layi huɗu ya tsaya ya dogara da sungumin, ya dubi sauran gonar har can inda ta ƙare. Sannan ya tofa miyau a tafin hannu ya kama na biyar.